Baƙar tawada, jar tawada

Wanda ya taɓa zaman konkur, wato jarrabawar shiga aikin gwamnati, a Garwa ko Marwa a Kamaru ya san tambayar da ake yi ƙasa-ƙasa: wa ka sani a sama? Sarakunan Sin sun daɗe suna kokawa da ita, kuma a ganina ƙarfin gwamnatinsu daga ƙananan dokokin da suka toshe ta ya fito.

Tsarin matakai tara da aka kafa a shekarar 220, inda ake auna darajar mai neman muƙami ba tare da jarrabawa ba, ya ƙare a hannun manyan gidaje: ɗan wane shi ke samun kujera. Daular Sui ce ta fara jarrabawar shiga aiki, amma Song ce ta ɗaure ta tamau. Daga 973 sarki da kansa yake jagorantar zagayen ƙarshe a fada, don wanda ya ci ya san bai da ubangida sai sarki. Aka riƙa liƙe sunan mai jarrabawa. Hakan bai wadatar ba, domin malami ba ya ɓatan rubutun almajirinsa, sai aka ƙara kwafe amsa. A zamanin daulolin Ming da Qing mutum ya rubuta da baƙar tawada, magatakarda su kwafe da ja, wasu su gwada kwafin da asali, sannan a miƙa wa mai dubawa jan kaɗai. Jarrabawar lardi duk shekara 3 ake yinta, zama uku, kowa a ɗan akurkinsa. Filin Nanjing kaɗai ya haura akurki 20,000.

Bayan ci kuma, ba a tura mutum lardinsu, ba a haɗa shi ofis da ɗan'uwansa, kuma ba a barinsa ya daɗe wuri ɗaya. Kamar yadda ake kawo sufurefe, wato shugaban gunduma, daga kudu zuwa arewa ke nan, sai dai tasu ta fi tsauri.

A nan ɓarakar take. Baƙon hakimi sau da yawa bai jin harshen garin, bai san gonar kowa ba. Dole ya jingina da ƙananan malaman ofis, 'yan gari, waɗanda ba su zauna jarrabawa ba, ba a canja musu wuri, kuma abincinsu daga ɗan abin da suke karɓa hannun talakawa yake. Littafin haraji na hannunsu. Ga shi idan baitulmali ya bushe, gwamnati da kanta takan sayar da muƙami. A 1905 aka soke jarrabawar.