Walimar daren zaɓe: lemar waina, tsintsiyar karas da zoɓon jar hula

A Amurka mutane kan tara 'yan uwa da abokai a daren zaɓe, a ci a sha ana kallon sakamako a talabijin. A 2023 ni ma na ce bari in yi irin tawa a gidanmu a Kano. Sai dai namu daren zaɓen ba dare ɗaya ba ne. Ranar Asabar 25 ga Fabrairu aka kaɗa ƙuri'a, amma sai da asubahin Laraba 1 ga Maris shugaban hukumar zaɓe na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya ce Tinubu ne ya ci. Sakamako sai ya tashi daga rumfar zaɓe ya je mazaɓa, ya je ƙaramar hukuma, ya je jiha, kafin ya isa zauren tattarawa a Abuja. Saboda haka duk matar da za ta tara jama'a, ta yi girkin da zai jure ɗumame.

Cefane tun Juma'a na gama shi, don ranar zaɓe ba a barin ababen hawa su yi zirga-zirga. Ga shi lokacin canjin kuɗi ne, takardar naira ta yi ɓatan dabo. Mai nama ya yarda da taransifa, mai kayan miya kuwa cewa ya yi in ɗauka, in kawo idan gari ya yi daɗi.

Gidanmu kowa da inda ya dosa. Maigida ɗan tsintsiya ne, wato APC ta Tinubu, ƙannena jar hular Kwankwaso na NNPP har kwana suke da ita, Kawu kuwa yana ƙarƙashin lemar PDP tun 1999, ko ana ruwa ko ba a yi. Akwai kuma abokin aikin maigida daga Sabon Gari, mutumin Peter Obi na jam'iyyar Labour. Irin wannan haɗi in ba a yi dabara ba, da zage-zage ake tashi. Shi ya sa na ba kowace jam'iyya faifanta.

Na NNPP bai ba ni wahala ba, tunda alamarsu a lokacin kwandon kayan marmari ce: ayaba, lemo, abarba da kankana, sai zoɓo jajir da ya ji citta da kanumfari. Tsintsiya na yi ta da karas da kokwamba, na yanka siri-siri na ɗaure ƙugunsu da ganyen albasa. Ta yi kyau a ido, amma gaskiya ba ta ƙosar da kowa, sai da na haɗa mata da tsire. Wadda na fi alfahari da ita lema ce. Waina dama gindinta a kumbure yake saboda ramin tanda, to sai ki kifa ta, ki soka tsinken tsire ta ƙasa, ga lema ta tsaya. Miyar taushe a gefe. Jam'iyyar Labour mai hoton uba da uwa da ɗa, fanke na soya mata girma uku, a jera babba da matsakaici da ɗan ƙarami. Kunun aya fari sol kuma na 'yan ba-ruwanmu ne, irin surukata da ta ce ita dai a zauna lafiya.

Doka biyu na kafa. Ta farko, wanda ya ci daga faifan da ba nasa ba, ya sauya sheƙa, kuma sai an yi masa guɗa. Ba a je ko'ina ba aka kama Kawu da yankan kankana a hannu. Autanmu ya ce, "Kawu, barka da shigowa!" Ya goge baki ya ce, "Kai yaro, ciki ba shi da jam'iyya." Ta biyu, ba mai karanta mana sakamakon WhatsApp da ƙarfi sai rediyo ta faɗa. Wannan ita ta fi amfani, domin a daren nan kowane ɗan takara ya lashe zaɓen a wayar wani.

Daren Lahadi da na Litinin ba wani girki, shayi ne mai kauri da ragowar fanke, ana zaune a tabarma an sa rediyo a tsakiya. Da sakamakon Kano ya fito, Kwankwaso 997,279, Tinubu 517,341, Atiku 131,716, ƙannena suka shanye zoɓon da ya rage don murna. Maigida bai ce uffan ba, ya ci gaba da lissafin sauran jihohi a bayan ambulan. Ranar Laraba shi kaɗai ya kai asuba ido biyu, ya tashe ni wai in dafa masa shayin nasara. Na ce flas na nan a kicin, Alhaji, hannunka bai karye ba.

Ƙannena har sun fara tambayar walima ta gaba. Na ce su fara nemo mini mafita, don a 2024 ɓangaren Kwankwaso ya sauya kwandon nan da littafi da hular kammala karatu, littafi kuwa ba ya dafuwa.