Wasannin rediyo na da sun fi fim tsoratar da ni

Jama'a wai ni kaɗai ne har yanzu nake sauraron tsofaffin wasannin kwaikwayo na rediyo? Irin na 'yan leƙen asiri da masu bin sawun ɓarayi nake nufi, waɗanda aka ɗauka tun kakanninmu na samari. Aikina tuƙi ne tsakanin Jidda da Makka yawanci da daddare, ido na kan titi, kunne ne ke zaman banza, shi ya sa nake sauke su a waya daga Internet Archive, kyauta ne.

Wanda ya fi kama ni shi ne Yours Truly, Johnny Dollar na Amurka. Mutumin mai bincike ne na kamfanonin inshora, kuma duk labarin ta lissafin kuɗin da ya kashe yake ba da shi, kuɗin tasi kaza, kuɗin otal kaza, kuɗin da ya damƙa wa wani don ya buɗe baki kaza, kana bin lissafi sai ka ga an iso kan gawa. Wallahi dabarar nan tana burge ni. Shi da wani wasan rediyon mai suna Suspense rana ɗaya aka rufe su, 30 ga Satumba 1962, talabijin ta riga ta kwashe mutane. Dragnet kuma da ya fara a 1949 daga fayil ɗin 'yan sandan Los Angeles suke ɗauko labari, sunaye kawai ake canzawa. A Ingila BBC na da Dick Barton daga 1946 zuwa 1951, minti 15 kacal, kullum sai a yanke daidai inda ya shiga uku, ka kwana da zullumi.

Amma ni abin da ke riƙe ni shi ne ba a nuna maka fuskar mugu. Takun takalmi kawai za ka ji a kan tsakuwa, ƙofa ta yi ƙiii, sai shiru, sauran kai za ka ƙera da kanka, kuma abin da zuciyarka ta ƙera ya fi wanda kyamara za ta nuna maka ban tsoro. Alhali a ɗakin ɗauka wani bawan Allah ne ke murza leda a bakin makirfo ta zama gobara, ya buga ƙoƙon kwakwa ya zama doki. Mu da muka tashi da gatanan gatananku wannan ba baƙonmu ba ne, wa ya taɓa ganin Dodo? amma duk mun san shi.

Turancinsu da sauri, gaskiya sai an saba, wani wajen sai na mayar baya.

Abin da ke ci min rai, me ya hana mu yi namu da Hausa a nan? Fasfon mahajjaci ya ɓace a unguwar Bab Makka ta Jidda, ɗan damfara mai biza ta bogi, ga labari zube, waya ɗaya da mutum huɗu sun isa. Dan Allah duk mai tsofaffin kaset na wasannin Rediyon Kaduna ya yi min magana, ina nema ido rufe.