Fadar da ta koma makaranta

Laraba, Mannheim, Jamus.

Yau da hantsi ƙanwata ta ce in raka ta makaranta, wato jami'ar Mannheim. Muna sauka daga taragon cikin gari sai ga wani jibgegen gini ruwan ɗorawa mai jan dutse ya tare mana gaba. Na ce, "Ke, ina makarantar?" Ta ƙyalƙyale da dariya, ta ce, "Yaya, ai ga ta nan a gabanki."

Ashe fada ce. Karl Philipp, mai mulkin yankin Pfalz, shi ya aza harsashinta a 1720, bayan ya yi fushi ya baro Heidelberg saboda rigimarsa da 'yan Furotesta a kan wata coci. Shekara 40 ana gini, sai a 1760 aka kammala, zamanin magajinsa Karl Theodor. Shi kuwa gogan naka, da gadon sarautar Bavariya ya faɗo masa a ƙarshen 1777, sai ya tattara fadawansa ya koma Munich a 1778. Duk wannan wahala, shekara 18 kacal da kammalawa mai gidan ya bar ta!

Tsawon fuskar ginin ya kusa mita 450, ƙafafuna shaida ne. Mutanen garin suna alfahari wai ta fi fadar Versailles ta Faransa da taga ɗaya. Ban ƙirga ba.

Da ta shiga aji sai na sayi tikiti na hau gidan tarihin da ke tsakiya. A babban zauren da suke kira Rittersaal na daɗe kaina a sama, ina kallon zanen rufin da fitilun ƙarau, har wuyana ya ƙage. Daga baya na karanta cewa bama-baman yaƙin duniya na biyu sun ƙone fadar kusan ƙurmus, zanen nan sake shi aka yi. Na ɗan ji ba daɗi, kamar an sayar mini da zinaren gwangwani, amma wallahi aikin ya yi kyau.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗakin karatun da aka yi a ƙarƙashin rufin. Ɗalibai jingim, kowa da kwamfutarsa, wani ya kifa kai yana sharar barci a saman zauren da sarakuna suka yi shagali.

Da la'asar ta fito, muka zauna a farfajiya muka raba biredi ɗaya. Gobe jarrabawa gare ta, ko kallon ginin ba ta yi.