Rumfa ko Murfi: Yadda Na Rufe Bayan A-kori-kura a Maraɗi

Motar da nake aiki da ita Hilux ce mai gida biyu, ƙirar Vigo, kuma aikinta kai kayan sola da famfunan ruwa ƙauyuka. Yau hanyar Dakwaro, gobe Mayayi, jibi Madarumfa. Na gwada mata rufi iri biyu, murfi mai naɗewa da kuma rumfar faiba, kowanne ya sha hunturu da damina a kanta. Da na ɗauki tef ɗin awo tun ranar farko, da ban biya kuɗi sau biyu ba.

Murfi shi ne wanda ke kwanciya daidai da bakin bodi, wato akwatin kayan da ke bayan motar, motar ba ta ƙara tsayi. Akwai na tamfol, akwai mai faifai uku da ake ninkewa, akwai na alminiyam da ke naɗewa cikin akwati kamar ƙofar shago. Rumfa kuwa, wadda wasu ke kira kanofi, ɗaki ne ake ɗorawa a kan bodin, rufinsa ya yi daidai da kan motar, da tagogi da ƙofa a baya. Ana kawo ta faiba da ta alminiyam daga waje, masu walda na gari kuma suna haɗa ta ƙarfe.

Bodin mai gida biyu tsawonsa wajen mita ɗaya da rabi ne, faɗinsa kusan haka, amma tsakanin tudun tayoyin baya ya ragu zuwa kamar mita ɗaya da ɗan ɗori. Zurfinsa bai kai santimita 50 ba, kuma wannan zurfin ne iyakar abin da murfi zai rufe. Batir mai amfiya 200 yana shiga, da sauran wuri a kansa. Jarka mai lita 25 tana shiga da ƙyar. Buhun hatsi mai tiya 40 yana kwanciya layi ɗaya, in ka ɗora na biyu murfin ba zai rufu ba. Duro mai lita 200, wanda muke kira tano, tsayinsa wajen santimita 88 ne, faɗin bakinsa 58, saboda haka ko kwantar da shi ka yi ya fi bakin bodi. Babbar tukunyar gas ma a tsaye ta fi bakin bodi, ga shi ba a son a kwantar da ita. Kafin ka je wurin mai sayarwa, zauna ka rubuta kayan da ka ɗauka a wata ukun da suka wuce, ka auna mafi tsayi a cikin waɗanda suke yawan maimaituwa. Kayan da kake ɗauka sau ɗaya a shekara kada su yanke maka hukunci.

Da murfi mai naɗewa na fara. Abu na farko da ban lissafa ba shi ne akwatin naɗin, wanda ke zaune a gaban bodi yana cin santimita 25 zuwa 30. A bodin da dama bai wuce mita ɗaya da rabi ba, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Akwatin yana da tiyo biyu na fitar da ruwa, kuma dole a zura su ta ramin da ke bangon gaba ko ƙasan bodi su leƙa waje. Ƙurar hunturu tana taruwa a akwatin daga Nuwamba har Fabrairu ba ka sani ba. Ruwan farko na Yuni yana sauka ta zama taɓo, tiyon ya toshe, akwatin ya cika ya tumbatsa kan kaya. Tun watan Mayu nake buɗe marfin akwatin in kwashe ƙasar da hannu, in zura waya a tiyon, in zuba ruwa buta ɗaya in ga ya fita ƙasa.

Kuskure na biyu nawa ne. Da murfin ya fara tauri sai na shafa wa layukan da yake gudu a ciki giris. Kwana uku ya yi santsi, daga nan giris ɗin ya kama rairayi ya koma kamar sanfefa, yana cin robobin da ke bakin faifan. Giris da baƙin mai ba su da wuri a nan. A wanke layin da ruwa da tsohon buroshi, a bari ya bushe, sannan a fesa silikon mai bushewa. Murfin tamfol ba ya da wannan matsala, ga sauƙin kuɗi ga rashin nauyi, sai dai zafin ranar Afrilu yana cin zaren ɗinkinsa kafin ya ci tamfol ɗin, in babu sandunan da ke ɗaga tsakiyarsa ruwa yana kwanciya a kai, kuma reza ɗaya ta isa ta buɗe shi.

A kan ƙura ne na fi ɓata lokaci, domin na daɗe ina zargin murfin alhali ba laifinsa ba ne. Duk ranar da na dawo daga jar hanya sai in tarar da kwalayen kaya sun yi ja. Wata rana na tsaya na duba ƙasan bodin da kyau kafin a share. Ƙurar ta zana kanta kamar mafici, ta taso daga kusurwoyi biyu na ƙyauren baya ta bazu zuwa gaba, can kusa da kan motar kuwa ƙarfen fes yake. Dalili shi ne, idan mota na gudu iskar da ta ratsa gefenta tana barin gurbi a bayanta, ƙurar da tayoyi suka tayar ta yi ta juyawa a wurin, bodin da aka rufe kuma yana zuƙo ta ta kowace kafa. Ƙyauren baya ba a yi shi don ya tare iska ba, akwai tazarar da ɗan yatsa zai shiga a gefe biyu da ƙasa. Ko murfi ka sa ko rumfa, in ba ka toshe nan ba ƙura za ta shiga.

Maganin bai da tsada. Ka sayi robar bakin ƙofa mai ƙwan iska a ciki, wajen mita uku. Ka wanke ƙarfen, ka goge da fetur kaɗan a tsumma don gam ya kama, ka manna a gefe biyu da ƙasa ta yadda ƙyauren zai danne ta in an rufe. In ta yi kauri da yawa sakatar za ta ƙi kamawa, saboda haka ka gwada da guntu tukuna. Sauran kafofin suna kusurwoyin gaba da ramukan ƙusa da aka bari a buɗe. Hanyar gano su ita ce mutum ya shiga ciki da tsakar rana a rufe na ɗan lokaci, duk inda haske ya leƙo a yi alama da alli. Ramukan fitar ruwa na ƙasa ba a toshe su ɗungurungum, soso ake cusawa.

Abin da ya sa na koma rumfa shi ne tsayin kaya da yawan kwanan hanya. Wadda na fara gani ta hannu ce, mai kyau, har mun yi ciniki. Mai waldar da zai ɗora ta ya zagaya motar ya shafa gefen bodin, ya ce, "Alhaji, bodinka mai ƙugiyoyi ne a waje, wannan rumfar kuwa ta mai santsi ce. Ko an ɗora ba za ta zauna ba." Gaskiyarsa. Hilux na zuwa da bodi iri biyu, mai ƙugiyoyin ɗaure igiya a waje da ƙyaure mai sakata biyu, wanda ya yi yawa a ƙasarmu, da mai santsi da hannun buɗewa ɗaya a tsakiya. Bakinsu ba ɗaya ba ne. Haka rumfar Vigo ba ta zama daidai a kan Hilux ƙirar Revo da ta fara fitowa a 2015. Kada ka biya sai an ɗora a kan motarka ka gani.

Ɗorawar aikin mutum huɗu ne, domin rumfar faiba takan yi kilo 60 zuwa 90, ta ƙarfe kuma ta fi haka. Da farko a cire ƙarfen ado da ke bayan gilas in akwai shi. In shimfiɗar robar bodin ta hau kan baki, a yanke ta ko a huda inda maɗauri zai kama, don maɗaurin da ya kama roba kawai zai saki. A manna roba a bakin bodi gefe uku. Bangon gaba yakan ɗan fi gefuna ƙasa, can ake sa mai kauri ko a ninka biyu, in ba haka ba ruwan da ya gangaro daga kan motar ta nan zai shiga. A ɗora rumfar, a auna hagu da dama su yi daidai, a rufe ƙofarta a kan ƙyaure a ga ta zauna, sannan a ɗaure. Tsakaninta da kan motar a bar tazarar yatsu biyu. Shasi yana murɗawa a gargada, bodi da kan mota kowanne na motsinsa, in sun matsu za su goge fenti ko gilas ya fashe.

Maɗauri shida na sa, uku a kowane gefe, masu noti na M8 da sufana mai lamba 13 ke kamawa. A ɗaure har robar ta danne wajen rabi, a tsaya. Ƙarfin hannu fiye da haka yana tsaga faiba a bakin ramin. Bayan tafiyar farko zuwa Dakwaro na tarar biyu sun saki, rumfar ta ja baya har ƙofar ta fara ƙin rufuwa. Robar ce ta kwanta. Dole a sake ɗaurewa bayan tafiyar farko, sannan a riƙa dubawa duk canjin mai, kuma noti mai roba a ciki ya fi na banza riƙewa. Mai rumfar ƙarfe kada ya yarda a yi mata walda da bodi. A ɗaure da noti, a sa yankin tsohon tiyub a tsakani, domin ƙarfe a kan ƙarfe kusurwar bodi yake tsagawa. Wayar fitilar ciki a ja ta da fis nata, a zura ta cikin tiyo inda ta ratsa ƙarfe.

Rumfa ta ba ni damar yin abin da murfi bai ba ni ba a kan ƙura. Na sa ɗan bututun shaƙar iska a rufin, can gaba, bakinsa na kallon inda motar ta dosa. Yana tura iska mai tsabta ciki, sai cikin ya daina zuƙo ta baya. In ina bin wata mota a jar hanya rufe shi nake yi, don a lokacin ƙurarta zai kwaso.

Zafi shi ne babban aibinta. A bazara, lokacin da Maraɗi ke haura digiri 40 a inuwa, rumfar da aka rufe a rana tanda ce. Maganin dabbobi, irin shuka da batir duk suna lalacewa a irin wannan zafi, jarkar fetur kuma tana kumbura ta cika wurin da tururi. Fara ta fi baƙa sanyi nesa ba kusa ba, kuma taga mai zamewa da raga ta fi gilas kafaffe. Abu biyu ne ba na yi ko an roƙe ni. Ba na ɗaukar mutum a ciki, domin iskar da ke zuƙo ƙura ita ce ke zuƙo hayaƙin salansa, mutum sai ya ji barci kawai bai san guba yake shaƙa ba. Ba na kuma rufe akuya ko rago a ciki.

Akwai ƙananan abubuwa da sai an zauna da ita ake sani. Gilashin baya yana rufewa da ƙura kafin ka kai Tibiri da ke kusa da Maraɗi in ka fito daga jar hanya, madubin tsakiya ya zama ba amfani, sai na gefe. Sandunan gas da ke riƙe ƙofa suna mutuwa da wuri saboda rairayi, ranar da suka mutu ƙofar a kanka za ta sauko. Ƙarfinsu a rubuce yake a jiki, lamba da harafin N, ka sayi irinsa, ka canza biyun tare. Kayan da ke can gaba sai ka rarrafa, don haka nake jera masu nauyi a gaba, waɗanda zan fara saukewa a bakin ƙofa. Nauyin rumfar kuma a cire shi daga abin da motar ke iya ɗauka. Babban faifan sola mai wat 550, tsawonsa ya haura mita biyu, ba ya shiga murfi ko rumfa, sai kariya, wato ƙarfen ɗora kaya a sama. Rufin faiba ba ya ɗaukar kaya sai in an yi shi da ƙarfe a ciki, ni dai ƙafafun kariyata a kan bakin bodi suka tsaya. Batun rage shan mai da masu sayar da murfi ke faɗa, ban ga bambancin da zan rantse a kansa ba.

Wajen tsaro, murfin alminiyam ya fi ɓoye kaya, ba wanda ya san abin da ke ciki, kuma a shingen bincike buɗe shi ba ya ɗaukar lokaci. Rumfa tana da gilas, gilas kuma dutse ɗaya ne, shi ya sa na sa wa tagogin raga ta ƙarfe daga ciki. Amma dukansu banza ne in ƙyauren baya ba ya kulluwa. Mai sakata biyu ba ya zuwa da makulli, sai na sa aka yi masa kunnen kwaɗo.

Ga wanda ke zirga-zirga a kwalta, Maraɗi zuwa Yamai ko Damagaram, da jakunkuna da kwalaye marasa tsayi, murfi ya ishe shi, kuma duk ranar da ya so ɗaukar tano sai ya naɗe ya ɗora. Mai kayan aiki da ke kwana a mota, irina, rumfa ta fi masa. Mai ɗaukar buhuna daga kasuwannin ƙauye, da babur, da dabbobi, kada ya sayi ko ɗaya. Babur ba ya tsayawa a cikin rumfa, buhu kuma sama yake hawa. Ƙarafan walda da tamfol irin na bashe, a-kori-kurar dā mai rufin tamfol, sun fi dacewa da aikinsa.

Ni ma sau biyu a shekara nake sauke tawa, lokacin kaka da gab da babbar Sallah. Kafin a kwance ina zana layi da fenti a inda kowane maɗauri yake, in cire wayar fitila daga mahaɗinta, mutum huɗu su ɗaga. A kan tsofaffin tayoyi huɗu take zama a inuwa, ƙofarta a rufe don kada ta karkace, kuma robar bakin bodi sabuwa nake sawa duk lokacin da za a mayar.