Mati Diop: daga gaban kyamara zuwa kujerar alƙalanci

A bikin fina-finai na Cannes da aka yi a Faransa a 2021, mutum tara ne suka zauna a kwamitin alƙalai ƙarƙashin jagorancin darakta Spike Lee, suka kalli fina-finai 24 cikin ƙasa da mako biyu. Daga cikinsu akwai Mati Diop, 'yar asalin Senegal da aka haifa a birnin Faris a 1982, kuma hanyar da ta bi kafin ta hau wannan kujera ita ce ta sa nake ganin zamanta a kwamitin ya dace ƙwarai.

Da fitowa a fim aka fara saninta, lokacin da darakta Claire Denis ta ba ta matsayin 'yar wani direban jirgin ƙasa a fim ɗin 35 Rhums a 2008. Ba ta yi gaggawar ɗaukar babban aiki ba. Ta shafe shekaru tana shirya gajerun fina-finai, ciki har da na 2009 a kan samarin Senegal masu ratsa teku a kwalekwale domin isa Sifaniya, sai a 2019 ta fito da Atlantique da harshen Wolof, wanda ya sa ta zama baƙar mace ta farko da fim ɗinta ya shiga babbar gasar Cannes, ya kuma lashe kyautar da ke biye da ta ɗaya. Yarinyar da ta ja fim ɗin ba ta taɓa tsayawa gaban kyamara ba kafin nan.

A nan ne amfanin irin wannan alƙaliya yake. Mai kallo yakan yaba wa jarumi idan wasansa ya taɓa zuciya, amma wadda aka taɓa ba ta umarni, sannan ita ma ta bayar, tana iya bambance abin da jarumi ya zo da shi daga abin da haƙurin darakta ya tatso, ta kuma gane inda mai tace hoto ya rufa wa wasa mai rauni asiri. Kwamitin da zai raba kyautar jarumi da ta darakta dabam-dabam yana matuƙar buƙatar wannan ido.

Hakan bai sa hukunci ya gamsar da kowa ba. A bikin na 2021, fim ɗin Titane na Julia Ducournau ya ɗauki babbar kyauta, ita ce darakta mace ta biyu da ta same ta bayan Jane Campion a 1993, yayin da Lingui na Mahamat-Saleh Haroun na Chadi ya tashi hannu rabbana, abin da har yanzu yake yi mini ciwo, domin wasan uwa da 'yarta a cikinsa ya cancanci a tuna da shi. Ita kanta Diop ta sake komawa gaban alƙalai a bikin fina-finai na Berlin a 2024, inda kwamitin da jaruma Lupita Nyong'o ta shugabanta ya ba fim ɗinta Dahomey babbar kyauta, fim ne a kan kayan tarihi 26 da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin.