Rokar da aka sadaukar da gangan

Ɗazu a fadarmu ta Zangon Damagaram, muna jiran shayi ya tafasa, ƙanena ya miƙo mini waya yana cewa, "Yaya, dubi yadda Turawa ke ƙona kuɗi." Hoton bidiyo ne na watan Janairun 2020: rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX ta tashi daga Fulorida lafiya lau, sai aka kashe injinanta da gangan tana tsakiyar gudu. Kumbon da ke kanta ya kunna nasa injinan, ya fizge kansa ya yi gaba, ita kuma ta tarwatse ta kama da wuta. Kumbon ya buɗe lemominsa ya sauka a hankali cikin tekun Atalantika. Babu mutum a ciki, mutum-mutumi biyu aka zaunar a kujerun. 'Yan fada suka kwashe da dariya, wai asara. Ni kuwa jikina ya yi sanyi, domin na tuna Challenger, jirgin 'yan sama-jannatin Amurka da ya tarwatse bayan tashi a 1986, mutum bakwai suka mutu, jirgin ba shi da irin wannan hanyar tsira. Su Rasha a 2018 rokarsu ta Soyuz ta samu matsala bayan tashi, tsarin ceto ya cire mutum biyun da ke ciki, suka dawo ƙasa da ransu.

Sai da wannan gwajin ceto na SpaceX ya yi kyau kafin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta yarda 'yan sama-jannatinta su hau, a watan Mayun 2020. Ni da nake hawa kabu-kabu kullum, ban taɓa tambayar mai mashin ko birkinsa yana ci ba.