Miƙar Duna

Shekara 22 ina taka keken ɗinki a wata 'yar rumfa kusa da kasuwar Gadarif a gabashin Sudan, kafin nan kuma na yi dakon buhunan riɗi, lokacin da nake ganin ƙashin bayana ƙarfe ne. To bayan ya tara bashinsa, ya zo karɓa. Sai da ta kai in na idar da sallar asuba, bango nake dafawa kafin in miƙe daga zaman tahiya. Na shafa man zafi, an yi mini ƙaho sau biyu, Inna ta dafa mini hulba har warinta ya kama gumina da rigunan mutane da nake ɗinkawa. Sauƙin kwana uku, ciwo ya dawo.

Yaƙin da ya ɓarke a Khartum a Afrilun 2023 ya cika mana gida da 'yan'uwa, cikinsu har da ɗan yayata da ke karatun gashin ƙashi. Kwana biyu ya yi yana kallon yadda nake zama a kan keke, a rana ta uku ya ce, "Kawu, kujerar nan ce ke kashe ka. Gobe bayan asuba ka fito da tabarma." Karen bana shi ke maganin zomon bana. Na fito da tabarma.

Bai ce mini yoga ba ce, sai da muka yi mako guda. Da na ji sunan na naɗe tabarmata, domin abin da na sani shi ne daga Indiya ta fito, kuma tushenta a addinin Hindu yake. Yaron ya kawo hujjarsa, wai ko Saudiyya ta amince da ita a matsayin wasan motsa jiki tun 2017, Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta ware mata ranar 21 ga Yuni. Inna tana gefe tana soya bunnin jabana, wato kofinmu na gargajiya, ta ce, "Majalisar ce za ta amsa maka tambaya a kabari?" A ƙarshe muka daidaita: babu wani ambato da za a rera, babu jerin motsin da suke kira gaida rana. Miƙa da numfashi kawai, kamar yadda likita zai rubuta wa mutum.

Yanzu bari in shigo da Duna.

Duna baƙin kare ne irin namu na gida, siriri, mai miƙaƙƙun kunnuwa, da ɗan fari a ƙirji. Saboda awaki muka ajiye shi, bayan an haura katanga an ɗauke mana akuya mai ciki. Wurinsa bakin garke, kwanonsa daban, ba ya leƙa ɗaki. Ban taɓa ɗaukarsa aboki ba, ma'aikaci ne da ake biya da ragowar kisra, gurasarmu ta dawa, da ƙashi.

Akwai wata tsayuwa da yaron ya dage sai na koya. Tafin hannu da ƙafa a ƙasa, ƙugu a sama, kai a tsakanin damatsa, mutum ya zama kamar jinkar ɗaki. Ya ce a harshen Sanskrit sunanta adho mukha shwanasana, wato kare mai fuskantar ƙasa. Na yi dariya, na kuma ji haushi, dattijo da ni a sa ni tsayuwar kare. Ina cikin fama, hannuwana na rawa, jijiyar bayan gwiwata kamar za ta tsinke, sai na hango Duna ta tsakanin ƙafafuna, duniya a kife. Ya tashi daga barci, ya tura ƙafafun gaba can gaba, ya sauke ƙirji har ya kusa taɓa ƙasa, ƙugu a sama, ya buɗe baki ya yi wata doguwar hamma har harshensa ya lanƙwashe. Sannan ya matsa gaba, ya ja ƙafafun baya ɗaya bayan ɗaya. Duka-duka bai kai ƙirgen goma ba. Ya girgije ya tafi shan ruwa.

Ni kuwa minti guda nake son cikawa dole, haƙora a cije, numfashi a riƙe, kamar mai ɗaga buhu. Yaron ya sha gaya mini in lanƙwasa gwiwa kaɗan, in bar dugadugai su tashi, in yi numfashi biyar in sauka. Ban ji ba, don a ganina abin da bai yi zafi ba bai yi aiki ba. Sai da na yi kwanaki ina lura da karen nan. Ba ya taɓa wuce inda jikinsa ya tsaya, kuma ba sau ɗaya yake yi a yini ba, duk tashi daga kwanciya sai ya yi. Daga nan na fara tashi daga kan keke duk bayan riga ɗaya, in dafa teburin yanka, in ja ƙugu baya, numfashi biyar, in koma. Maƙwabcina mai gyaran rediyo ya ɗauka ruku'u nake yi ba alwala.

Abin da ban sani ba shi ne, a wurin karnuka wannan sunkuyon gayyatar wasa ce. Wata safiya na kafa tsayuwata da kyau, har ina jin daɗin kaina, Duna ya ga maigida ya sunkuya ƙugu a sama, ya ɗauka yau ranarsa ce. Ya taho a guje ya shige ta ƙarƙashina. Na zube a kansa, ya yi ƙara, awaki suka watse, ya fito ya lashe ni daga haɓa har kunne, yawu a wuyan jallabiya. Inna ta saki salati. Ta ce wanki bakwai, ɗaya da ƙasa, da ni da rigar da tabarmar, in ya so a haɗa da yaron da ya kawo wannan fitina.

Maganar ta kai gaban limaminmu, ba da wasa ba. Ya saurara yana danne dariya da gefen rawani. Ya ce a mazhabar Malikiyya, wadda mu da akasarin mutanen Sudan muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, da jikinsa da yawunsa. Wanki bakwai na ƙwaryar da ya sa baki a ciki ne, bin umarni ne kawai. Shafi'iyya da Hambaliyya su ne suka tsananta. Ya tuna mini hadisin da ke cewa ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum, sai in na farauta ne ko kiwo ko gona, ya ce Duna na kiwo ne, amma kada in mai da shi ɗan ɗaki. Har ya ba mu labarin da masu sharhin Risala ke kawowa, cewa katangar gidan Ibn Abi Zaid, mawallafin littafin, ta faɗi, ya ajiye kare, da aka yi masa magana ya ce da Imam Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Inna ta ce ta ji, amma rigar dai sai an wanke. An wanke, sau bakwai.

Yaron ya nuna mini a waya yadda ake yi a Amurka. Sun haɗa sunan kare a Turanci da yoga, suka ce doga. Mata a ɗaki mai sanyi, kowace da ɗan karenta kamar tulin auduga, ana ɗaga shi sama, ana ja masa ƙafa. Ni dai ban ga alamar karnukan sun roƙi a yi musu haka ba. Mai iya miƙa tun ranar da aka haife shi, wa zai koya masa? Duna kuma ko da na so ɗaga shi, da damina kaska ce fal a kunnensa, sai an bi shi da magani. Allurar haukan kare kam na kai shi an yi masa, wannan ba abin wasa ba ne a gidan da yara ke rarrafe.

Tsarinmu yanzu shi ne, bayan asuba in shimfiɗa tabarmar kaba, wadda ba ta haɗa komai da ta salla ba, a ƙarƙashin rakuba, wato rumfar tsakar gida. Na ja layi da ƙafa a ƙasa, ya koyi tsayawa bayansa, bayan an sha fama. In fara da durƙuso ina gantsarewa ina ƙudundunewa kamar kyanwa, in yi tasa tsayuwar sau uku, in ƙare da kwanciya rigingine shiru, wadda suke kira kwanciyar gawa. Wannan sunan ban taɓa faɗa wa Inna ba. Shi kuma yana kwance bakin layin, ƙafafun gaba a shimfiɗe, haɓa a kansu. Ran nan ina karanta Kahfi da Juma'a na iso inda aka siffanta karen mutanen kogo ya shimfiɗa zira'insa a bakin ƙofa, na ɗaga kai na dube shi, haka yake kwance sak.

Bayan bai warke sarai ba. Lokacin kakar riɗi, in kuɗi ya shigo gari ɗinki ya yi yawa, yana tuna mini da kansa. Yaron kafin ya wuce Port Sudan ya gargaɗe ni cewa in ciwon ya sauka ƙafa da dindiris, in bar tabarma in nufi asibiti. Amma na daina dafa bango.

Jiya ina kwanciyar ƙarshe, ido a rufe, na ji numfashi kusa da inda na ajiye takalmina markub. Hausawa sun ce in ka ga kare yana shinshina takalmi ɗauka zai yi. Ni ban gani ba, idona a rufe yake, yaron ya ce kada a buɗe sai an cika numfashi ashirin. Ƙafar dama na tsinto a bayan randa. Ta hagu har yanzu yara na nema a garke.